Ƙaramin Jirgin Sama Wanda Matuƙinsa Ke Ƙasa

Ku sani, ya jama'a, akwai wani jirgin soja mai suna L-39 Albatros, ƙirar ƙasar Cekoslobakiya. A 1968 ya fara tashi, kuma da irinsa sojojin saman Nijeriya suka horar da matuƙa a Kano.

To, masu hikima sun ƙera kwatankwacinsa. Wani tsawonsa bai wuce kamu huɗu ba, amma injinsa kananzir yake sha kamar na babban. Mai shi yana tsaye a ƙasa, yana sarrafa shi da rediyo. Wuyar lamarin ita ce, idan jirgin ya fuskanto shi, sai damar jirgin ta koma hagunsa. In ya shagala ƙiftawar ido, kuɗin shanu sun tarwatse a fili.