Manifol da Zafin Inji a Tsofaffin Fijo na Makarfi, Kudan da Ikara

A ƙananan hukumomin Makarfi da Kudan da Ikara, inda rake da tumatir da masara ke cikin manyan amfanin gona, har yanzu ana cin karo da tsofaffin motocin Fijo, wato Peugeot 504, musamman a-kori-kura, suna kwaso kaya daga fadamu zuwa kasuwanni da bakin titin Zariya zuwa Kano. Wannan mota, wadda aka fara fitarwa a Faransa a 1968, ta zama 'yar gida ne bayan da kamfanin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ya soma harhaɗa motoci a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000, lokacin da Turai ta daɗe da daina ƙera ta. A can, irin wannan mota abar ado ce da ake gogewa ana fitowa da ita ranar baje koli, amma a nan jakar aiki ce, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ke kai ta garejin bakanike shi ne zafi.

Injin fetur ba ya mayar da man da ya ƙona duka zuwa ƙarfin tafiya, domin abin da ke isa ga tayoyi bai cika kai kashi ɗaya cikin uku ba, saura kuwa zafi ne da galibinsa ke fita ta hanya biyu, wato ruwan lagireto da kuma hayaƙin salansa. Mashigar farko ta wannan hayaƙi ita ce manifol, wani ƙarfe mai rassa da ake ɗaurewa a jikin kan silinda, wanda ke tattara hayaƙin silinda huɗu ya zuba shi cikin bututu guda. Idan mota ta ɗauki lodi tana tafiya da ƙaramar giya a hanyar burji, zafin hayaƙin da ke ratsa manifol yakan kai digiri 700 zuwa 900 a ma'aunin Salshiyas, alhali iskar da ke shiga ta gaba ba ta da yawa saboda motar ba gudu take yi ba. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da ake tsakiyar kwasar tumatirin rani kuma zafin rana ke kusantar digiri 40, ƙarƙashin bonet yakan zama tamkar tanderu.

Manifol na asali da ƙarfen zubi aka yi shi, wanda makanikai ke kira kas, kuma an zaɓe shi ne domin yana da kauri, yana rage ƙara, yana kuma daɗewa. Rauninsa shi ne rashin lanƙwasuwa: kullum yana buɗewa idan ya yi zafi, ya tsuke idan ya huce, har bayan shekaru ya tsage ko fuskarsa ta karkace, gasket ya ƙone, a fara jin wata ƙara mai kama da tas-tas da sassafe wadda ke raguwa idan injin ya ɗumama. Watsa masa ruwan sanyi yana da zafi, ko kutsawa cikin kududdufi da damina, na gaggauta tsagewar. Ba ƙarar ce abin tsoro ba. Hayaƙin da ke yoyo yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma idan ta shiga gidan direba ta ɓulolin tsatsa takan jawo ciwon kai da gyangyaɗi, har ma da mutuwa.

Mai motar da manifol ɗinsa ya tsage yana da zaɓi uku. Zai iya neman na gwanjo a Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, sai dai wajibi ne a ɗora fuskarsa a kan shimfiɗaɗɗen abu a tabbatar bai karkace ba. Zai iya kai shi wurin mai walda, amma waldar kas ba kamar ta ƙofar gida ba ce, domin tana buƙatar a fara gasa ƙarfen gaba ɗaya, a yi amfani da sandar walda ta nikel, sannan a binne shi cikin toka ko busasshen yashi ya huce a hankali, in ba haka ba sabuwar tsaga za ta buɗe a gefen tsohuwar. Zaɓi na uku, wanda wasu masu sha'awar tsofaffin motoci a Turai da Amurka ke so, shi ne a ƙera sabon manifol da bututai huɗu masu tsawo ɗaya, waɗanda ke haɗuwa biyu-biyu kafin su zama guda. Hikimar ita ce hayaƙin da ya fita daga silinda ɗaya yana barin gurbi a bayansa wanda ke taimakawa wajen zuƙo na silinda mai biye, injin ya samu sauƙin numfashi. Ƙarin ƙarfin da ake samu a injin lita biyu mai kafireta ba shi da yawa, kuma idan bututan sun cika faɗi, motar takan rasa ƙarfin ja a ƙaramin gudu, wanda shi ne abin da mai ɗaukar rake ya fi buƙata. Ga shi kuma siraran bututai sun fi kas watsa zafi cikin ɗakin injin.

Wannan zafi yana cin wayoyin fulogi da robobin ruwa, yana gajiyar da kik da batir, yana kuma tafasa fetur a cikin bututunsa, tun da wasu sinadaran fetur na fara zama tururi tun kafin digiri 50. Shi ya sa mota takan mutu bayan doguwar tafiya ta ƙi tashi sai ta huce, direba kuma ya jiƙa tsumma ya ɗora a kan famfon mai. Maganin da ya fi araha shi ne garkuwar zafi, wato siririn falle na ƙarfe ko alminiyom da ake ɗaurewa tsakanin manifol da kayan da ke kusa, a bar 'yar tazara ta iska a tsakani, domin iskar ce ke yin rabin aikin. Sau da yawa motar ta zo da irin wannan falle daga kamfani, wani yaron gareji ya kwance shi bai mayar ba. Naɗe bututu da ƙyallen zaren gilashi yana rage zafin da ke fita, amma yana riƙe danshi da damina ya jawo tsatsa, kuma kas ɗin da aka naɗe ya fi saurin tsagewa. Igiyar asbestos kuwa ba abar taɓawa ba ce, saboda ƙurarta na haddasa cutar huhu da sankara.

Akwai kuma zafin da ba laifin manifol ba ne. Idan taimin ya yi latti, wato fulogi na ba da wuta bayan lokacin da ya dace, ko kuma an tsuke kafireta fiye da kima don tsimin mai, wutar takan bi hayaƙi ta fita, har a ga manifol ya yi ja da daddare. Haka nan cire tamostat, abin da ya zama al'ada a garejoji da yawa, ba ya warkar da tafasa, domin asalin cutar galibi lagireto ne da ƙurar hunturu da ganyen rake suka toshe daga waje, gishirin ruwan rijiya kuma ya toshe daga ciki. Murfin lagireto mai kyau yana riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya haura digiri 110, amma wanda robarsa ta mutu yakan bar shi ya tafasa ƙasa da digiri 100 a tudu irin na ƙasar Zazzau.

Ga motar da ke ɗaukar lodi tsakanin garuruwan Hunƙuyi da Tashar Yari, lafiyayyen manifol na kas da sabon gasket, da garkuwarsa a mazauninta, da taimin da aka saita daidai, da wankakken lagireto, sun fi manifol na bututai amfani, kuma kuɗinsu bai kai nasa ba.