Garka cikin bido: a yi lissafi kafin a zuba iri

Duk wadda ke zaman kasuwa ta san yadda tumatir ke wasa da mutane. Daga watan Janairu zuwa Maris, lokacin da garkokin Jiratawa, Mirya, Ƙonni da na bakin kogin Yamai suka zubo kaya, sai ka ga tasa cike ana roƙon mai saye, wani ma har ya ruɓe a zubar. Amma da zarar zafi ya kama, damina ta biyo baya, sai ya koma ɗan lele, a dinga jiran motocin Najeriya, Burkina ko Benin. A 2023, da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli, kowace uwargida ta ga abin da dogaro da kayan waje ke jawowa tukunyarta.

Shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana kan ƴar garkar tsakar gida, wadda ake yi cikin tsohon bido, buhu, taya ko fasasshen bokiti. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sai dai mu ƴan kasuwa ne, ba mu shiga harka sai mun san uwar kuɗi da riba.

Me ya kamata a shuka?

Noman rani ba baƙo ba ne a Nijar. Tun bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta matsa wa jama'a su rungume shi, kuma yau albasar Galmi da tattasan Difa sun yi suna har ƙasashen waje. To amma mai bido goma ba za ta yi gasa da mai fadama ba. Kuskuren da muka fi gani shi ne a cika gida da tumatir, shu da karoti a lokacin sanyi, su nuna daidai ranar da suka fi araha a kasuwa. Wahala ce kawai aka saya.

Abin da ke biyan kuɗin ruwansa shi ne wanda ake saye kullum da ƴan canji, kuma in an tsinka ya sake tohowa: alayyafo, yakuwa, lalo, rama, zogala, ganyen albasa, na'ana'a ta shayi, ɗoɗɗoya, da tonka ko attarugu gindi biyu ko uku. Mu ɗauka gida na kashe dala 20 a rana wajen waɗannan. A wata jika 3 ke nan, a shekara jika 36 da rabi. Ko rabin wannan aka tsirar, ya sayi littattafan lakwal na yaro, ko ya ƙara jarin ƴar tireda.

Alayyafo shi ne mai saurin biya: kwana 25 zuwa 30 bayan shuka an fara yanka, kuma in aka bar masa gindi zai sake fitowa. Na'ana'a ba ta bukatar iri, reshe guda daga wadda aka sayo ya isa. Albasar da ta tsiro cikin kwando, wadda mai saye ke ƙi, a dasa ta a ci ganyenta. Zogala kuwa, in ya kai wata biyu zuwa uku, a datse kansa don ya yi rassa maimakon ya miƙe sama. Daga nan an samu na dambu da na kwaɗo.

Yadda ake shirya mazubi

Bido mai lita 20 ko 25 na man girki shi ya fi sauƙin samu. In an tsaga shi biyu a kwance, an samu kwami biyu na ganye, domin alayyafo da salati ba su bukatar mazubi mai zurfi. Tumatir, tonka, kuɓewa da zogala suna son zurfi, santimita 30 zuwa 40 ko fiye, sai a yanke bakin bidon kawai a tsayar da shi, ko a yi amfani da buhun shinkafa. A huda gindin wuri biyar ko shida da ƙusa mai zafi, a shimfiɗa tsakuwa ko katangar tukunya. Mazubin da bai yoyo, saiwa ruɓewa take yi a cikinsa.

Muna jan kunne a nan: kada a kuskura a shuka abin ci cikin bidon da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, fetur ko baƙin mai. Wanki ba ya raba roba da wannan guba.

Ƙasar kuma a haɗa kashi biyu na ƙasar gona ko rairayi da kashi ɗaya na takin dabbobi wanda ya kwana biyu, ya yi baƙi, ya daina wari. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji ƙona shuka yake yi. Tun da ƙasar bido kaɗan ce, ƙarfinta na saurin ƙarewa, don haka duk bayan mako uku ko huɗu a ƙara cikin hannu ɗaya na taki a sama.

Ruwa shi ne uwar kuɗi

Ga inda lissafi ke gyaruwa ko ya ɓaci. Bido guda na shan lita ɗaya zuwa biyu a rana lokacin sanyi, ya fi haka a watan Afrilu da Mayu. Mazubi goma ke nan sun kusa shanye bidon ruwa guda kullum. Mai pampo a gida ba za ta ji ba. Amma a unguwannin Damagaram da na Tawa, inda ake kwana layin pampo ko a jira mai garuwa lokacin zafi, in za a sayi ruwan ban-garka, kuɗin na iya fin na ganyen. Mu faɗi gaskiya: a irin wannan hali gara a saya a kasuwa.

Mafita ita ce ruwan da dama zubar da shi ake yi. Ruwan wankin gero, na shinkafa, na kayan miya da na alwala, in an tara su cikin bokiti, suna riƙe mazubi biyar ko shida ba tare da an fitar da ko dala ba. Ban da ruwan omo da na wanke-wanke mai maiƙo, domin gishirinsu taruwa yake cikin ƙasa har ganye ya ƙone. A yi ban-ruwa da sassafe ko da la'asar sakaliya, a zuba a gindi, a kuma rufe bakin mazubi da ɓawon gujiya ko tattaka don rana kada ta shanye laimar.

Rana, awaki da ƙwari

Da sanyi, shuka na son rana sosai. Da bazara kuwa a matsar da mazubi inda za su sha hantsi su samu inuwa da azahar, kuma a ɗaga su daga kan siminti mai zafi. Tumatir na zubar da fure in zafi ya haura digiri 35, shi ya sa mai son gwada shi da damina ta sa shi ƙarƙashin rumfa, kada ta sa rai da yawa.

Akuya da kaji na iya gamawa da aikin wata guda kafin a dawo daga kasuwa. A ɗora mazubi kan benci ko a kewaye su da zana ko tsohon gidan sauro. In ƙwari sun sauka, ba sai an sayi maganin da ake tallansa ba suna ba takarda ba. A daka ƙwallon dogon yaro kimanin giram 50, a jiƙa cikin lita ɗaya ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma, a maimaita bayan mako guda. A wanke ganye sosai kafin a ci.

Shawararmu ga mai son farawa ita ce kada ta wuce mazubi uku: ɗaya na alayyafo, ɗaya na na'ana'a, ɗaya na tonka. Ta riƙe lissafin abin da ta daina saye har wata biyu. In ta ga riba ta ƙara, in ya fi ƙarfin gida ta ɗaure damin na'ana'a ta ajiye gefen tirenta, masu shayi ba sa wuce ta. In kuma ruwa ya gagara da bazara, ta bar zogala kaɗai, shi mai haƙuri ne, ta jira saukar damina.

Allah shi ba da sa'a, shi sa albarka cikin nema.