Shaidar da Gawa ke Bayarwa: Awon Kiton Bayan Mutuwa

A ƙasar Gaya da Ajingi, kamar sauran ƙasar Hausa, in mutum ya cika akan yi masa sutura a ranar, bisa ga koyarwar addini. Amma idan mutuwar fuju'a ce, musamman ta matashi, sai zargi ya biyo baya: wasu su ce sammu ne, wasu su ce maita. Alhali kuwa wani lokaci ciwon suga ne da ba a gane ba.

Idan insulin ya yi ƙaranci, jiki ba ya iya amfani da suga, sai ya koma ƙona kitse. Daga nan hanta kan fitar da wasu sinadarai da ake kira kiton, waɗanda in sun taru sukan tsamama jini. Maras lafiya ya yi ta ƙishirwa da fitsari da amai, sannan ya shiga jan dogon numfashi, irin wanda likita Adolf Kussmaul na Jamus ya bayyana a 1874. Haka kuma mashayin da ya daɗe yana kwankwaɗar giya ba abinci yakan faɗa cikin wannan hali.

Yanka gawa ba lalle ya nuna wannan cuta ba, domin ba ta barin tabo bayyananne. Sugan jini ma ba abin dogaro ba ne, saboda yakan sauya bayan rai ya fita. Don haka likitoci kan zuƙo ruwan cikin ƙwayar ido da allura, tun da yake ya fi jinkirin lalacewa. Daga cikin kiton guda uku, wanda aka fi aunawa shi ne beta-hidroksibutiret. In ya haura wajen milimol 2.5 a lita, to abin lura ne. Idan suga ma ya yi yawa, ciwon suga ake tuhuma. Idan bai hau ba, sai a duba giya, ko yunwa, ko tsananin sanyi.

Ɗaukar wannan ruwa aikin 'yan mintoci ne, ba ya hana jana'iza a kan kari. Fa'idarsa kuwa ga masu rai take: ya wanke wanda aka zarga, ya kuma tura dangin mamaci Babban Asibitin Gaya a auna su, tun da ciwon suga yakan bi jini.