Zoɓo, Gawayi da Yumɓu: Koya wa Yara Zane Ba Sai da Kuɗi Ba

Da an ce a bar yaro ya yi zane a gida, tunanin iyaye da yawa sai ya tafi kan kwalin kala da littafin kanti, su ce ana ta abinci wa yake ta wannan. Alhali kayan aikin suna nan a gindin murhu da bayan ɗaki.

Mu fara da launi. Uwa ta jiƙa zoɓo kaɗan a ruwan zafi, ta bari ya huce, ta raba shi gida uku a murafan kwalba. Na farko a bar shi yadda yake. Na biyu a matsa masa lemon tsami, jan zai ƙara haske. Na uku a ɗiga masa ruwan kanwa, nan take zai juye ya yi duhu, tsakanin shuɗi da kore. Sinadarin da ke ba zoɓo launinsa ne yake sauya kama gwargwadon abin da ya haɗu da shi, tsami ko kanwa. Kurkum yana ba da rawaya, shi kuma kanwa ja take mayar da shi. Baƙi kuwa almajirai sun riga kowa saninsa: a daka gawayi ya yi laushi, a haɗa da ƙaro da ruwa, tawada ta samu. A bar yaron ya ɗiga kanwar da hannunsa, don rabin daɗin wasan yana wajen ganin launin ya juye.

Abin shafawa bai da wuya. Gashin kaza, ko auduga a bakin tsinke, ko yatsa kawai. Takarda kuwa bayan tsohuwar kalanda ko kwalin taliya ya isa. A yanka kuɓewa ta tsakiya, yaro ya tsoma a ruwan zoɓo ya danna a takarda, zai ga fure ya fito. Ganyen mangwaro ma haka, har jijiyoyinsa suke bayyana.

Sai dai a ganina babu kamar yumɓu. Murzawa da mulmulawa da matsawa suna ƙarfafa 'yan yatsun da gobe za su riƙe alƙalami, kuma idan abu ya lalace sai a dunƙule a sake, babu asara. Yarinya ta gina tukunya da murhu da turmi, yaro ya gina rumbu ko mota, a shanya a inuwa don kada rana ta tsattsaga su. Kada a raina wannan wasa. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, tun tana ƙarama ta koyi ginin tukwane a gida a garin Kwali, kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, daga nan tukwanenta suka kai har Ingila da Amurka. Bayan girbi kuma ga karan dawa, a ɓare a yi mota da gado da tabarau.

Akwai iyayen da ke ƙyamar zanen abu mai rai saboda addini. Wannan ba ya rufe ƙofa, domin yawancin adonmu dama ba na siffar mutum ko dabba ba ne. Ga zayyanar allon sauka, ga Dagin Arewa, ga zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya da Damagaram, ga ɗinkin hula da sassaƙar ƙwarya. A ajiye wa yaro hular babansa ya kwaikwayi abin da ke jiki.

Hattara da abubuwa kaɗan. Reza da wuƙa aikin babba ne. Yaron da bai kai shekara uku ba kada a ba shi tsakiya ko wake ko maɓalli, don bakinsa ko hancinsa zai kai. Kuma kada a ɗebo ƙasa daga inda ake haƙar zinare ko niƙa duwatsunsa. Gubar dalma da ke cikin irin wannan ƙasa ita ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010.

Abin da ya fi kashe wa yara sha'awa dai manya ne. Yaro ɗan shekara uku ya zo da cakwalkwalinsa yana murna, a ce masa wannan wane irin shirme ne, ko yayarsa ta kama hannunsa ta gyara masa. A wannan shekarun jagwalgwalon shi ne aikin, da kansa zai kai ga da'ira, daga da'ira zuwa gida da bishiya. Iyaye, ku shimfiɗa tsohon buhu, ku sa masa tsohuwar riga, idan ya gama ku ce ya ba ku labarin abin da ya zana, sannan ku liƙa masa shi a bango.