Gaɓar da ke kayar da ɗalibai a jarabawar Turanci

Ɗalibin Rogo Ruma da zai zauna jarabawar WAEC yana da takardar furucin Turanci mai tambayoyi 60 cikin minti 45, kuma babu mai sauraron bakinsa: da fensir zai nuna gaɓar da ake dannawa. In bai sami kiredit a Turanci ba kuwa, ƙofar jami'a a rufe take.

Daga kunne matsalar take. Hausa da karin sauti take rarrabe kuka na hawaye da kuka ta miya. Shi Turanci gaɓa ɗaya yake ɗora wa nauyi, ya raunana sauran. A kalmar "record", in nauyin ya sauka a gaɓar farko suna ce, in ya koma ta biyu aikatau ce. Masu ƙarewa da "-tion" sun fi sauƙi, nauyinsu na kan gaɓar da ke kafin ta ƙarshe.

Ƙirga gaɓoɓin ma tarko ne. Bahaushe ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa "bread" mai gaɓa ɗaya ya zama burodi mai uku. Da wannan kunnen ake tura yaro ɗakin jarabawa, bayan an rubuta masa furucin a allo.