Koren Shayi a Jami'o'i: Abin da Ɗalibai ke Nema da Abin da Ya Kamata 'Yan Kasuwa su Sani

Koren shayi, wanda a da ake ɗauka abin shan Buzaye da mazauna bakin Sahara ne, yanzu ya samu gindin zama a ɗakunan kwanan ɗalibai da rumfunan masu shayi da ke kofar jami'o'i, tun daga Samaru ta Zariya har zuwa Ibadan da Legas. Wannan sabuwar kasuwa ce ga masu shaguna da dillalai, sai dai ɗorewarta ta dogara ne ga fahimtar dalilin da ya sa ɗalibai ke saye, da kuma gaskiyar abin da ganyen ke yi a jiki.

Koren shayi da baƙin shayi duk daga bishiya ɗaya ake tsinko su. Bambancin yana wajen sarrafawa. Baƙin shayi ana barin ganyensa ya sha iska har ya rine, shi kuwa kore ana turara shi ko a gasa shi da wuri. Wannan ne ke sa ya riƙe launinsa da sinadaran da ake kira katekin, waɗanda masana ke danganta yawancin amfaninsa da su.

Ana iya kasa ɗaliban da ke sayensa kashi uku. Kashi na farko masu neman hana ido barci ne a lokacin jarrabawa. Kashi na biyu, waɗanda 'yan mata suka fi yawa a cikinsu, masu neman rage ƙiba ne da tumbi. Na uku kuwa 'yan majalisa ne, masu haɗa ataya a ƙaramar buta kan gawayi, a sha zagaye uku ana hira.

Ga kashi na farko, ganyen yana biyan buƙata daidai gwargwado. Kofi ɗaya na koren shayi yana ɗauke da kimanin miligiram 30 na sinadarin kafeyin, wato kusan sulusin abin da ke cikin kofi ɗaya na gahawa. Yana wartsakar da mutum, amma wanda ya yawaita shi da dare zai rasa barcin da ƙwaƙwalwa ke buƙata domin riƙe karatu.

Kashi na biyu ne aka fi yi wa romon baka. A shekarar 2012 ƙungiyar masana ta Cochrane ta tattara sakamakon gwaje-gwajen da aka yi a kan koren shayi da rage ƙiba, inda ta gano cewa nauyin da ake ragewa ɗan kaɗan ne, bai kai abin da likita zai dogara da shi ba. Haka kuma a 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa shayin da aka jiƙa a ruwan zafi ba shi da wata illa ga akasarin mutane, amma ƙwayoyi da garin da ake tacewa daga ganyen, idan sinadarin EGCG da ke cikinsu ya kai miligiram 800 a rana, suna iya taɓa hanta. Saboda haka akwai rata mai faɗi tsakanin ganyen shayi na gaske da kayan da ake tallatawa da sunan shayin rage ƙiba, waɗanda wasunsu ma ana haɗa su da ganyen da ke sa gudawa.

Matsalar 'yan ataya kuwa sukari ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, wato kimanin giram 50 ko ƙaramin cokali 12 ga baligi. Zama ɗaya na ataya yana iya cinye kaso mai tsoka na wannan adadi. Bugu da ƙari, shan shayi tare da abinci yana rage yadda jiki ke zuƙar sinadarin ƙarfe, abin lura ga ɗalibai mata masu ƙarancin jini.

Ta fuskar ciniki, yawancin koren shayin da ke kasuwannin Afirka ta Yamma daga ƙasar Sin yake zuwa, kuma Maroko ce kan gaba wajen sayensa daga can. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kayan da ake shigowa da su sun yi tsada, alhali aljihun ɗalibi bai ƙaru ba. Wannan ya sa ƙananan ƙunshi da jakunkunan shayi na sha ɗaya suka fi dacewa da wannan kasuwa.

A nan ne Tsaunin Mambila na Jihar Taraba ke da muhimmanci. Tun cikin shekarun 1970 ake noman shayi a Kakara, cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna, inda tsayin ƙasa ya haura mita 1,500 kuma sanyi da ruwan sama suka dace da bishiyar. Daga can ake samar da shayin Highland, amma abin da Nijeriya ke nomawa bai kusa biyan buƙatar cikin gida ba.

Ɗan kasuwar da ke son shiga wannan harka ya wajaba ya tabbatar kayansa na ɗauke da lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, ya adana su nesa da rana da danshi domin ganyen yana saurin rasa ƙamshi, sannan ya guji yin alkawarin warkar da ciwon sukari ko narkar da tumbi cikin mako guda. Ɗalibai suna bincike a wayoyinsu, kuma labarin kayan da suka cuci mutum ɗaya yakan karaɗe ɗakin kwana tun kafin a gama zangon karatu.