Kundin Liƙe-Liƙe: Yadda Ake Adana Tarihin Gida

Da wuya a sami gidan da babu wata tsohuwar jaka, ko akwati, ko ambulan da aka cusa takardu da hotuna a ciki. A nan akan tarar da hoton ɗaurin auren maigida, da katin gayyatar suna, da sakamakon jarrabawar firamare na yaron da yanzu ya yi furfura, da wasiƙar da wani ɗan'uwa ya aiko daga Sudan a kan hanyarsa ta zuwa Makka, duk a cakuɗe. Ba mai waiwayarsu sai ranar ƙaura ko ranar rabon gado, a ranar ce kuwa akan ga ashe gara ta riga kowa, ko kuma hotunan suna nan lafiya lau amma wanda ya san mutanen da ke cikinsu ya daɗe da kwanta dama.

Maganin wannan asara bai fi ƙarfin kowa ba. Shi ne kundin liƙe-liƙe, watau littafi mai fararen shafuffuka wanda ake jera hotuna da yankakkun jaridu da sauran ƙananan takardu a cikinsa, sa'an nan a rubuta bayanin kowanne a ƙarƙashinsa. Turawa sun daɗe da mayar da wannan aiki abin sha'awa. A shekarar 1873 marubucin nan na Amurka, Mark Twain, ya yi rajistar wani irin kundi wanda shafuffukansa ke ɗauke da busasshen gam, sai dai a jiƙa a manna kamar kan sarki. Wani baƙar fatar Amurka kuma, Alexander Gumby, mazaunin unguwar Harlem a birnin New York, ya shafe shekaru yana yankan labaran baƙaƙen fata daga jaridu yana liƙawa, har a 1950 ya miƙa kundayensa ga Jami'ar Columbia, inda masu bincike ke amfani da su. Aikin da wasu za su ɗauka wasan yara ne ya zama madogarar malaman tarihi.

Abu na farko ga mai son farawa shi ne ya taƙaita burinsa. Wanda ya ce zai haɗa tarihin zuriyarsa kaf a kundi ɗaya, a shafi na uku zai gaji. Ya fi kyau ya ɗauki abu guda: aikin hajjin mahaifinsa, ko shekarunsa na makaranta, ko bikin 'yarsa, ko rayuwar yaro daga ranar suna zuwa saukar Alƙur'ani. Sa'an nan ya tattara duk abin da ya shafi wannan batu, ya shimfiɗa a kan tabarma, ya jera bisa ga shekaru tun kafin ya taɓa gam. Ba dole ne kome ya shiga ba. In hoto biyar ne na taro ɗaya, biyu sun isa.

Kayan aikin kaɗan ne: almakashi, da rula, da reza, da fensir mai laushi, da alƙalami mai baƙar tawada, da littafin kansa. A nemi takarda mai kauri irin ta zane, domin ta littafin rubutu na 'yan makaranta ba ta ɗaukar nauyin hoto. In an sami wadda aka rubuta a jikinta cewa ba ta da sinadarin asid, ita ce gaba. Littafin da aka ɗinke yakan kumbura idan aka cika shi da liƙe-liƙe har bayansa ya tsage, saboda haka ko dai a cire shafi ɗaya cikin kowane uku, ko a yi amfani da warwarar takardu a cikin fayil mai zobe. Wannan dabara ta biyu ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, gama haka malamai suka adana littattafansu tun zamanin da, warƙa-warƙa a tsakanin tadarishi, a cikin gafaka, kuma da yawa daga cikinsu sun haura shekara 100 ana karantawa.

Inda masu farawa suka fi yin ɓarna shi ne wajen mannawa. Salatif abokin gaba ne na takarda: bayan 'yan shekaru yakan bushe ya faɗi, ya bar tabo mai ruwan ƙasa wanda ya ratsa cikin takardar, ba ya kuwa fita. Ƙusar maƙala takarda da fil suna tsatsa da damina. Robar ɗaure kuɗi tana narkewa ta manne. Gam mai ƙarfi irin na gyaran takalmi bai kamata ya kusanci hoto ba ko kaɗan. Haka nan albam ɗin nan mai shafi mai danƙo da leda a sama, wanda ya cika kasuwanni a shekarun 1970 da 1980, ya lalata hotuna masu yawa, don danƙon yakan kama bayan hoton har ba ya ɓamɓaruwa sai da yagewa. Kai takarda a lulluɓe ta da leda a injin zafi kuwa, ko da yake mutane suna ganin gata ne suka yi mata, aiki ne wanda ba a iya warware shi in ya ɓaci.

Ƙa'idar masu adana kayan tarihi ita ce kada a yi wa takarda abin da ba za a iya janyewa ba. Saboda haka hoto ba a shafa masa gam. Sai a yanki kusurwoyi huɗu na tsohon ambulan, a manna su a shafin, a zura kusurwoyin hoton a ciki, ko kuma a tsaga shafin da reza a karkace a wurare huɗu a soka hoton. Ta haka duk ranar da aka so a ciro shi za a ciro shi lafiya. Sauran takardun da ba su da wata daraja ta musamman ana iya manna su da busasshen gam ɗin nan mai kama da jan-baki, ɗan kaɗan a kusurwa, domin gam na ruwa yana sa takarda ta yamutse. Takardar shaidar makaranta, da ta haihuwa, da ta fili ko gida, ba a liƙa su sam. A yi fotokwafi a sa a kundin, asalin kuwa a ɓoye shi dabam.

Jarida tana da tata matsalar. Ana yin takardarta da niƙaƙƙen itace wanda ba a tace shi sosai ba, don haka take yin ja ta yi ƙamas, musamman in ta sha rana, kuma jan nan yana naso ya ɓata duk abin da ya jingina da ita. Wanda Allah ya sa ya gaji wani shafi na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ko wata jarida da ta buga sunan kakansa, to ya yi fotokwafinsa a farar takarda ya liƙa, asalin ya sa shi a ambulan shi kaɗai. In yankewa za a yi daga sabuwar jarida, a haɗa da sunan jaridar da kwanan watan, ko a rubuta su nan take. Labarin da ba a san ranarsa ba rabin amfaninsa ya tafi.

Amma duk wannan shiri ne kawai. Ran kundin shi ne rubutun da ke ƙarƙashin kowane hoto: su wane ne, daga dama zuwa hagu, a wane gari, a wace shekara, kuma mene ne dalilin taron. A rubuta cikakken suna tare da laƙabi, domin jikokin da za su buɗe kundin ba za su san wace ce "Inna" ko wane ne "Baffa" ba, tun da kowane gida yana da nasa. In za a yi rubutu a bayan hoto, a yi da fensir mai laushi, ba da biro ba, don biro yana huda hoton kuma tawadarsa tana naso.

Wannan bayani kuwa a bakin tsofaffi yake, shi ya sa jinkiri ke da hatsari. A ɗauki hotunan a kai wa kaka ko gwaggo, a zauna da takarda a hannu. Sai dai a tuna da alkunya: tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba kome naci, don haka a bar ta ta ba da labarin, sunan a tambayi wani. Tsofaffi kuma ba su cika lissafi da lambar shekara ba, da abin da ya auku suke yi, mai kundin ne zai mayar da shi lamba. In an ce shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo aka yi mata hawan daba a Kaduna, 1956 ke nan. Shekarar samun mulkin kai 1960. Canjin hannu, lokacin da motoci suka koma bin dama, 1972. Canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo, 1973. Rasuwar Janar Murtala Muhammed da fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, duka biyu a 1976. Inda aka yi kokanto a rubuta "wajen shekara kaza", kada a ƙaga abin da ba a tabbatar ba. In tsofaffi biyu suka saɓa, a rubuta maganar kowannensu da sunansa.

Ado yana da kyau, amma kada ya danne abin da aka zo ajiyewa. Ɗan ƙyallen atamfar ankon biki, ko kan sarki, ko tsohuwar takardar fam ɗaya, sun fi furannin roba ma'ana. Ya kamata kuma a yi tunanin wanda zai buɗe kundin, gama abu ne da akan miƙa wa baƙo. Hoton matan gida, ko wasiƙar da ta ƙunshi sirrin wani, a nemi yardar mai shi tukuna.

Hotunan zamanin yanzu galibi a cikin waya suke, waya kuwa tana ɓata, tana faɗawa ruwa, ana sace ta. A zaɓi kaɗan masu muhimmanci a kai a wanke su a takarda. Tsofaffin kuma a ɗauke su da waya kafin a sa su a kundi, a aika wa wani ɗan'uwa a wani gari, musamman masu kala na shekarun 1970 da 1980, waɗanda suka fi baƙi-da-fari saurin koɗewa.

Saura wurin ajiya. Kada a ajiye kundin a ƙasa ko a jingine da bango, nan ne hanyar gara da danshi, kada kuma a bar shi kusa da hayaƙin madafa ko inda rana ke faɗawa. A naɗe shi da farin ƙyalle, a sa a akwati a bisa kanta. Wasu sukan ƙulla busasshen ganyen darbejiya a tsumma su jefa a akwatin don korar ƙwari, amma kada ganyen ya taɓa hotunan. Mazauna Legas da Fatakwal da sauran garuruwan kudu, inda danshi ya yi yawa, su riƙa buɗe shi a kai a kai don gudun fumfuna, na arewa kuwa su yi hattara da shi da hunturu, lokacin da takarda ke bushewa ta karye. Wanda ya tarar a cikin kayan gadonsa akwai takardun da suka shafi tarihin gari ko na sarauta, yana iya neman shawara a Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ko a ofisoshin Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da Ibadan da Inugu.